Da sunan cilakowa bakina ya buɗe

Alli ne ya fara faɗuwa. Ina tsaye gaban allo ina warware wa 'yan aji wani lissafi da na warware ya fi sau ɗari, sai na ga allin a ƙasa ya karye biyu. Na sunkuya zan ɗauka, hannun dama ya ƙi zuwa. Na juyo zan ce wa yaron da ke kujerar gaba ya miƙo mini, abin da ya fito daga bakina ko ni ban gane shi ba. Wasu yaran suka yi dariya, sun zaci wasa nake yi, kuma ban ga laifinsu ba don ni malami ne mai yawan barkwanci. Abu na ƙarshe da nake iya tunawa shi ne sanyin siminti a kuncina.

Shekarata 43 a lokacin, 17 daga cikinsu a aji na yi su. Na san ina da hawan jini tun shekara huɗu kafin ranar. Magani kuwa sai in sha na mako biyu, in ji garau, in watsar. Na faɗi wannan tun da wuri ne domin kada mai karatu ya tafi da zancen tsuntsaye ya bar shi a baya. Ciwon da ya kayar da ni bai zo ba sallama ba, ni ne na ƙi amsawa.

Likita ya yi wa matata bayani a gabana, yana magana kamar ba na wurin. Ya ce jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma ɓangaren hagu shi ke tafiyar da ɓarin jiki na dama, shi ne kuma ke riƙe da magana a wajen mafi yawan mutane. Ya ce akwai allurar da ke narkar da gudan jinin idan an kawo mutum cikin awa huɗu da rabi, amma mu mun wuce lokacin. Duk abin da ya faɗa na ji, na kuma fahimta sarai. Abin da mutane ba su gane ba ke nan game da irin wannan ciwo: hankalina na nan, tunanina na nan, ƙofar fita ce kawai aka toshe.

Kalma ɗaya ta rage mini a duniya, ita ce "to". A ce ya jiki, in ce to. A ce za ka sha ruwa, in ce to. A ce a kashe fanka, ina so in ce a'a, a bar ta, zafi nake ji, sai in ji bakina ya ce to, a kashe fankar, in kwanta ina zufa ina hawaye. Masu zuwa dubiya wasu sai su riƙa ɗaga murya kamar kurma suka samu, wasu su yi mini magana irin ta yaye. Wani abokin aikina, mutumin kirki, ya tsaya a kaina ya ce wa na kusa da shi, "Allah sarki, Malam ya tafi ya bar gangar jiki." Har yau bai san na ji ba, kuma ba zan faɗa masa ba.

Bayan mako uku aka sallame ni. Ƙafa ta fara dawowa da taimakon masu gashi, har ina jan ta da sanda, amma hannu da baki suka ƙi. A gida aka ajiye mini kujera a inuwar wata tsohuwar bishiya da ke bayan ɗaki, matata ta kan kai ni can da safe kafin ta shiga hidimar yara. Watannin nan ba na son tuna su. Na zama mutum mai fushi. Na taɓa ture kwanon da ta kawo mini don kawai ta kasa gane cewa cokali nake nema. Ta tsugunna ta kwashe ba ta ce komai ba, shirun nata ya fi zagi ciwo. Da dare in kwanta ina lissafin abin da na zama: baki ne da ake ciyarwa, wanda ba ya ko iya cewa na gode. Akwai dararen da na roƙi Allah Ya ɗauke ni, kuma da gaske nake roƙon. Ina faɗin wannan ne domin na san akwai mai karanta wannan rubutu da ya yi irin roƙon, ko yana zaune da wanda ke yin sa a ɓoye.

Ina yaro ni maharbin tsuntsaye ne. Danƙona ba ya rabuwa da wuyana, kuma hannuna ba ya kuskure. Kakata ta wajen uwa ita ce ba ta son wannan hali. Duk tsuntsun da na kawo sai ta karɓa ta juya shi a tafin hannunta ta ce, "Ka san sunansa?" In ce a'a. Ta ce, "Ka kashe wanda ba ka ko san sunansa ba." Sai ta faɗa mini: wannan hasbiya ce, wannan tsanwaka, wannan suda, wancan da ke kuka cikin ciyawa kamar ana tsiyaye ruwa daga tulu ragon maza ne. Ba don so nake saurara ba, don ta ƙyale ni ne. Na girma, na shiga birni, na shiga lissafi, shekara talatin ban sake tuna sunayen nan ba.

Wata safiya, wajen wata na biyar da faɗuwata, ina zaune a kujerar nan ina kallon ƙasa kamar kullum, sai wani tsuntsu mai dogon baki lanƙwasasshe ya sauka a reshen da ke saman kaina, da fara a bakinsa. Ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya. Ban yi niyyar magana ba, ban ma yi tunani ba, kawai na ji bakina ya ce, "Cilakowa."

Matata tana shanya. Ta saki rigar da ke hannunta. Ta ce, "Malam, me ka ce?" Na yi ƙoƙarin maimaitawa, ya ƙi. Na nuna reshen da hannun hagu. Ta duba, ta dawo da kallonta gare ni, ta ce, "Cilakowa ka ce?" Na ce to. Wannan karon to ɗin na gaskiya ne. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar asibiti. Daga baya mai koya mini magana ta ce hakan na faruwa: kalmar da ta daɗe a kai tun yarinta ta kan kuɓuto lokacin da mutum bai matsa mata ba, in ya neme ta da ƙarfi kuma ta ɓuya.

Washegari na jira tsuntsun. Rabon da in jira wani abu tun kafin ciwo. Ya dawo, da ƙadangare ƙarami a baki wannan karon, sai na bi shi da ido na ga inda yake zuwa: wani kogo a jikin bishiyar, can sama, an liƙe bakinsa da laka sai wata 'yar tsaga da ba ta fi faɗin yatsa ba. Ya manne a jikin itacen, wani baki ya leƙo ta tsagar ya karɓe abincin. Na shekara tara a gidan nan ban san da kogon ba.

Abin da na gani da idona a makonnin da suka biyo, daga baya na same shi a littafi daidai. Macen cilakowa ita ke shiga kogo ta liƙe kanta daga ciki da laka da kashinta, don kada maciji ko wani maɓarnaci ya kai ga ƙwan. A ciki take zubar da gashin fukafukanta, ta zama ko an buɗe mata ba za ta iya tashi ba. Namijin ne ke ciyar da ita ta tsagar nan, safe da yamma, har ta ƙyanƙyashe. In 'ya'yan sun tasa, wuri ya yi musu kaɗan, sai ta fasa ta fito da sabon gashi, su kuma 'ya'yan su sake liƙe ƙofar da kansu, iyayen biyu su ci gaba da kawo musu abinci. Ina zaune ina ƙirga zuwan namijin, sai na ga matata ta fito da kwano ta nufo ni. Ban taɓa ganin kaina da kyau ba sai a ranar. Na karɓi kwanon da hannun hagu, na yi ta kokawa da harshena har na ce, "Sannu." Ta ce, "Yauwa, Malam," ta juya da sauri.

Daga nan sunayen suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kuma na tsuntsaye ne suka riga na mutane. Na iya cewa kurciya kafin in iya kiran sunan 'yata ta fari, abin da har yau take yi mini gori a kai. Ita ce ta kawo mini littafin rubutu ta ce, "Abba, ka riƙa rubuta su." Da hannun hagu na fara, haruffa kamar tafiyar kaza. Shafin farko na nan har yanzu: kalma huɗu, sun cinye shafin duka.

A daminar shekarar ne marai suka kafa sheƙa a wata bishiyar ƙaya da ake hangowa ta kan katanga, tsuntsayen nan masu saƙa, rawaya da baƙin kai. Namiji ne ke saƙar. Ya tsago siririn ganye, ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya ɗaura ɗayan da baki, ya fara yin zobe, daga zoben ya tayar da ɗaki. In ya gama sai ya rataya a ƙasan sheƙar, kai a ƙasa, yana kaɗa fukafukai yana kururuwa. Mace ta zo ta shiga ta duba. In ba ta yi mata ba ta yi gaba, in ganyen ya bushe babu wadda ta karɓa, shi da kansa zai warware aikin ya sake sabo. A gefen bishiyar akwai wasu sheƙu marasa fasali, saƙa sako-sako, wasu ko zoben bai rufe ba. Na samari ne da ba su ƙware ba tukuna. Su na fi kallo. Sai na kalli nasu in kalli rubutuna, in ci gaba.

Madubin hangen nesa wani tsohon ɗalibina ne ya kawo mini, da littafin hotunan tsuntsaye. Ya ce, "Malam, an ce kallon tsuntsaye kake yi yanzu." Yadda ya faɗa na san a ransa yana ganin ciwon ya taɓa mini kai, amma ladabi ya hana shi nunawa. A jikin madubin an rubuta 8x42. Shi ya bayyana mini: takwas ɗin na nufin yana kusanto abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita, gwargwadon faɗinsa gwargwadon hasken da yake tarawa. Wanda ya fi wannan ƙarfi ya fi rawa a hannu, ni kuwa hannu ɗaya gare ni. Sai da na yi wata guda kafin na gano dabarar ɗora gwiwar hannu a kan sandata. Kuskuren kowane sabon shiga na yi shi: in ga tsuntsu, in sunkuyar da kai in nemi madubi, in ɗago ya tafi. Ashe ba a ɗauke ido daga tsuntsun, madubin ake kawowa wajen ido.

Da ƙafa ta ƙara ƙwari na fara fita. Akwai wata fadama da ba ta da nisa sosai, yaro na kai ni a babur da asuba ya dawo ya ɗauke ni da hantsi. A can na haɗu da wani dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda ya fi shekara talatin yana wannan abu. Shi ne mutum na farko da bai ƙarasa mini magana ba in na maƙale. Sai ya yi shiru ya jira, kamar yadda yake jiran tsuntsu ya fito daga ciyawa. Shi ya koya mini in sa rana a bayana, in sa tufa marar haske, in zauna wuri ɗaya maimakon yawo. Ya hana ni fara duba launi. Ya ce, "Malam, launi maƙaryaci ne, haske na canza shi. Fara da girma: ya kai kurciya ko bai kai ba? Sai baki, sai jela, sai abin da yake yi, sai inda ka gan shi. In ka gama sannan ka buɗe littafi." Ya kuma ce in rubuta abin da na gani kafin in duba hoto, don in ba haka ba ido zai ga abin da littafi ya ce masa ya gani. Ni da na yi shekara 17 ina hana yara leƙa amsa a bayan littafi, sai ga shi ana hana ni.

Yanzu zan faɗi abin da na fi jin kunyarsa. A shekara ta biyu na gano sheƙar zakaran ƙeƙuwa a bakin ruwa. Ba sheƙa ba ce ma, ɗan rami ne a ƙasa da ƙwai huɗu masu ɗigo-ɗigo, sun saje da tsakuwa har sai ka kusa takawa. Na yi murna kamar na tsinci dukiya. Kullum sai na je na leƙa. Uwar ta tashi tana ihu tana shawagi a kaina, ni kuwa ina ɗaukar hoto da waya. Har mutum biyu na kai don su gani, da tsakar rana, muka tsaya a kan ƙwan muna hira. Gaskiyar magana, so nake a ga cewa ni ma na iya wani abu. Rana ta shida na tarar da ɓawo.

Na faɗa wa dattijon, da guntayen kalmomina. Bai sassauta mini ba. Ya ce a irin wannan zafi ba ɗumi kawai uwa ke ba ƙwai ba, inuwa take yi masa, har jiƙa gashin cikinta take yi a ruwa ta zo ta sanyaya shi, duk mintin da ka tashe ta rana na dafa ƙwan. Ya nuna mini hankaki biyu a kan wani busasshen itace ya ce, "Su ma kallon tsuntsaye suke yi, kuma sun fi ka iyawa. Kai suka bi." Na ce, "Baba, ban sani ba." Ya ce, "Ita ta faɗa maka. Ihun da take yi da wa take?"

Wata biyu ban koma fadama ba. Baƙin cikin da na zaci ya tafi ya dawo da ƙarfinsa, har magana ta ja baya. Mutum zai ce ƙwai huɗu ne kawai, ni da na kashe ɗaruruwa da danƙo ina yaro. Amma a wancan lokacin ban san su ba. A daidai wannan tsakanin ne kuma na gwada komawa aji, bisa nacin kaina, likita bai so ba. Minti goma na farko lafiya. Sai na zo kan kalmar "tara". Ina ganin lambar a allo, na san ta, na san ta fi takwas da ɗaya, bakina ya ƙi. Yara arba'in suka yi tsit. Da dariya suka yi da ya fi mini sauƙi. Na ajiye allin da kaina wannan karon, na fita. Bayan wata uku na karɓi takardar barin aiki saboda rashin lafiya. Na sa hannu da hagu.

Dattijon ne ya zo har gida ya ɗauke ni, lokacin damina ta ɗauke. Ya ce baƙi sun iso, bai kamata a ce ban gaishe su ba. Ya kai ni inda shanu ke kiwo a gefen ruwa, ya nuna mini wasu 'yan tsuntsaye masu rawayan ciki suna bin ƙafafun shanun suna kaɗa jela. Ya ce in duba ƙafar na ukun daga hagu. Na ɗora gwiwar hannu a sanda, na duba. Wani ɗan ƙarfe na ƙyalli a ƙafarsa.

Ya ce zobe ne, wani ya sa masa a wata ƙasa, mai yiwuwa a Turai, akwai lamba da adireshi a jiki. Wannan ɗan abin da bai kai nauyin giram 20 ba ya ƙetare teku, ya ƙetare Sahara. Akwai ma waɗanda ba su kai giram 10 ba da ke yin wannan tafiya, yawanci da dare, bayan sun ci sun tara kitse, wasu har nauyinsu ya kusa ninkawa, kitsen nan shi ne guzurinsu. Na zauna a ƙasa. Ni da nake ganin tafiya daga ɗaki zuwa bakin titi a matsayin hijira.

Daga ranar na shiga karatun ƙaurar tsuntsaye kamar mai shirin jarrabawa, kuma karatun ya taimaki harshena fiye da yadda na zata, don da ƙarfi nake yin sa. Na karanta cewa mutanen Turai sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya da sanyi ba, har masanansu na cewa tsattsewa cikin laka take shigewa a ƙasan tafki ta yi barci. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock, da mashin. Ba sai na faɗi dalilin da ya sa na yanke hoton na liƙa a bangon ɗakina ba. Zoben ƙafa kuwa wani malamin makaranta ne a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara shi a 1899, da zobban alminiyon da ya yanka ya buga wa lamba da hannunsa. Malamin makaranta. Wannan ma ta zauna mini.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ƙasashe ke ɗaure da juna ta ƙafar tsuntsu. A bazarar 1969 masu ƙirga a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba da shi ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara ɗaya. Da aka bi sawu, sai aka gano farin da ya afka wa yankin Sahel ne ya kashe su a inda suke cin rani. Waɗanda suka gano raguwar ba manyan masana ba ne, mutane ne irina masu littafi da fensir, kowa na ƙirga na unguwarsa shekara da shekaru. Yanzu na'ura ta shigo, ana liƙa wa tsuntsu ɗan abin da ke nuna inda yake. Da ita masu bincike na Jami'ar Lund a Suwidin suka nuna a 2016 cewa akwai tsattsewar da ke yin wata goma a sama ba ta sauka ba, a can take ci, a can take hutawa. A watan Oktoban 2022 kuma wani tsuntsun bakin ruwa ɗan wata biyar ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Duk da haka na'ura ba ta kore littafi da fensir ba.

Akwai wani bincike da na kai wa likitana da zumuɗi. Wani masani a Amurka, Fernando Nottebohm, ya yi shekaru yana nazarin kanari. Ya gano cewa ɓangaren hagu ne ya fi riƙe waƙar kanari, kamar yadda yake riƙe maganar mutum, sannan a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa ƙwaƙwalwar babban kanari na haifar da sababbin ƙwayoyi, abin da a da ake cewa ba ya yiwuwa. Likita ya yi murmushi ya ce, "Malam, kai ba kanari ba ne." Ya ce wurin da ya mutu a kaina ya mutu, abin da ke faruwa shi ne sassan da ke kewaye suna koyon aikin, kuma maimaici ne ke koya musu. Na ce to ai shi ma kanari maimaici yake yi. Ya ce wannan kam gaskiya ne, ya ƙara mini da cewa in ci gaba da shan magani ko da na fara waƙa.

Littattafaina yanzu goma sha ɗaya ne. In ka jera su za ka ga rubutun na miƙewa a hankali, za ka kuma ga abin da ban so gani ba. A littafin farko akwai ungulu jefi-jefi. A uku na ƙarshe babu ko ɗaya. Ina yaro ba a ƙirga ungulu, wa zai ƙirga abin da ya cika sama? A 2015 aka sanya irin wadda muka sani cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da farautar sassan jikinta. A Indiya maganin dabbobi ne mai suna diclofenac ya kusa share tasu, wani nau'in ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Dattijon nan ya rasu shekara uku da suka wuce, Allah Ya jiƙansa. Iyalinsa suka aiko mini da littattafansa a buhu, na shekara talatin da wani abu. A cikinsu akwai ranar da ya ƙirga gauraka da yawa a fadamar da ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba.

Lissafi ya dawo mini ta hanyar da ban zata ba. Duk watan Janairu ana ƙirgar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a lokaci guda, tun 1967 ake yi, kuma shekara biyar ke nan ina cikin masu yi. Ba a ƙirga garke ɗaya-ɗaya. Sai ka ƙirga goma ka ga girman wurin da suka ci, ka mayar da shi hamsin, sannan ka riƙa aza wannan hamsin ɗin a kan garken har ƙarshe, kafin shirwa ta gifta su tashi duka. Ranar da na fara, 'yata ce ke rubutawa. Kirinjijiya sun rufe ruwa suna fito. Na ƙirga, na ce, "Ɗari tara da hamsin." Sai da ta rubuta ta ɗago ta dube ni, sannan na lura da kalmar da ta fita.

Ban warke duka ba, kada a ɗauka haka. Hannun dama na nan a lanƙwashe. In na gaji ko raina ya ɓaci kalmomi na gudu, kuma akwai ranakun da duhun nan ke leƙowa, sai dai yanzu na san shi, na kan faɗa wa matata ko likita maimakon in rufe. Maganin hawan jini yana cikin jakar madubi, don na san ita ce jakar da ba zan manta ba. Bishiyar cilakowa iska ta kayar da ita bara. Shamuwa kuwa tana zuwa, ina da ranar isowarta ta shekara takwas a jere, kuma duk shekara in ta sauka sai na je na faɗa wa matata kamar wani babban labari, ita ma ta karɓa kamar ba ta gani da idonta ba.

Ranar Asabar yara biyar zuwa shida ke bi na fadama. Ɗaya daga cikinsu da danƙo a wuya yake zuwa, ban ce ya cire ba. Makon jiya muna zaune wani tsuntsu ya sauka a gabanmu, mai tukku kamar mafici, fukafukai baƙi da fari, yana caka dogon baki a ƙasa. Na san shi kamar yunwar cikina. Na buɗe baki, babu. Yaran sun riga sun koyi jira, ba wanda ya yi motsi. Na yi ta nema, tsuntsun na ta kiwonsa. Can mai danƙon ya matso ya ce a hankali, don kada ya tashe shi, "Malam, alhudahuda ne."

Na ce to. Na rubuta: alhudahuda, ɗaya, ƙarfe 7:10, yana kiwo a gefen gona.